Guzurin da Baffanki Zai Ba Ki

Azare.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ko da yake na san lafiyar taki, tunda bango ɗaya ne tsakanina da ke, kuma tun safe nake jin zif ɗin akwatinki yana buɗewa yana rufewa. Allah ya sa ki fita a sa'a, ya kai ki Kaduna lafiya, ya haɗa ki da shugabanni masu tsoronsa.

Ba za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da kuke cin abinci a gida ɗaya ba. Ke ce 'yar fari. Tun da aka haife ki ban taɓa kiran sunanki ba, ke kuma Adda kike ce mini kamar yadda 'ya'yan Baffanki suke faɗa. Na yi jami'a, na tsaya gaban alƙali na ba da shaida da Turanci, amma in zauna da ke mu yi dogon zance ido da ido, wannan jarrabawar ban taɓa zama ba. Saboda haka ga takarda.

Maganar gajeriya ce. Gobe da hantsi za ki je gidan Baffanki ki yi masa sallama. Zai miƙo miki ambulan na guzuri, kuma zai fi na kowa kauri nesa ba kusa ba. Kada ki fito daga gidan nan da shi. Idan kika fito da shi, ina iya rasa hatimina na aiki, in kuma tashi da sunan wadda ta yi rantsuwar ƙarya a kotu. Sauran abin da ke ƙasa bayani ne na yadda na kai mu nan, ni da kaina, da kurakuraina. Tunda aikin kimanta kadara za ki fara, irin nawa, ki ɗauke shi a matsayin darasin da ba a ba ku a aji ba.

Kina hidimar ƙasa lokacin da abin ya fara. Baffanki ya aiko a kira ni falonsa, ya ce banki na son sabuwar takarda a kan kamfanin shinkafarsu na hanyar Katagum: fili, gini, injuna, motoci, komai a faɗi darajarsa. Na je da takardar yarjejeniya a jakata, irin wadda nake ba kowa kafin in ɗauki tef ɗin awo. Da ya gama bayani na ce, "Alhaji, akwai 'yar takarda da akan sa wa hannu."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Takarda? Tsakanina da matar ƙanina? Allah ya jiƙan Malam. Da yana raye ya ji wannan, da bai iya haɗa ido da ni ba."

Inna, matarsa, tana zuba mana kunu, ta ce, "Ai 'yan boko ko gaisuwa sai da rasiti."

Muka yi dariya mu uku. Takardar ta koma gida a jakar da ta zo.

Wannan shi ne kuskurena na farko. Ki lura, ba mantawa na yi ba, kuma ba jahilci ba ne. Na sani sarai, kunya ce ta hana ni. Duk wanda ya ce miki takarda cin mutunci ce a tsakaninku, shi ne mutumin da kika fi bukatar sa hannunsa. Baƙo ba ya jin haushin takarda, ɗan'uwa ne yake ji, kuma ɗan'uwan ne ba za ki iya kai wa ƙara cikin sauƙi ba. Sannan ki tambaya a fili: wa zai biya? Baffanki ya ce "ki duba mana." Ban tambayi su wane ne "mu" ɗin ba. Daga baya na gane cewa idan riba ta zo, shi ne. Idan bashi ya zo, kamfani ne.

Na yi ta zirga-zirga zuwa Katagum a wannan hanyar da kika sani. Na ɗauko injiniya daga Kano don ya duba injunan casa, na biya masa mota da masauki daga aljihuna, ladansa kuma na ce ya jira ni. Na ga komai, ba zan ce ban gani ba. Ciyawa ta fito a inda tireloli ke lodi. Kalandar ofishin manaja ta shekarar da ta wuce ce. Baburan ma'aikata da ke ƙarƙashin darbejiya ba su kai rabin yadda na san su ba. Manoma suna zaune a bakin ƙofa da takardun shansherar da suka kawo tun kaka, suna bin kowace mota da ido. Duk na rubuta a rahoto, da kyakkyawan Turanci, na rage darajar kamfanin gwargwadon haka. Abin da ban yi ba shi ne in tambayi kaina: wanda ya kasa biyan mai shinkafa, da me zai biya mai awo? Ki riƙe wannan. Idan banki ya nemi a sake kimantawa a tsakiyar bashi, ba don yana sha'awar gini ba ne. Abin da idonki ya gani game da mai aikin, ya shafi ladanki kafin ya shafi rahotonki.

Na biyu ya faru ranar Sallah. Rahoton ya kammala, na buga masa hatimi, na sa masa shuɗin bango, na tafi da shi gaisuwar Sallah da niyyar in keɓe da Baffanki in ce ga aiki, ga lissafi. Falon cike yake da baƙi. Tun daga ƙofa ya ɗaga murya.

"Ga dillaliyar boko! Ina takardarmu? Ko sai mun yanka miki rago na biyu?"

Kowa ya juyo. Mace ɗaya a tsakiyar manyan riguna, an ce ki kawo, me za ki ce? Na durƙusa na miƙa. Ya juya shi gaba da baya kamar mai duba atamfa, ya cusa ƙarƙashin matashin kujera ya zauna a kai.

"Ladanki kuwa, sai banki ya saki kuɗi. Ai gida bai ƙoshi ba."

Ban fahimci abin da ƙarshen maganar ke nufi ba, amma baƙin sun yi dariya, ni ma na yi. A aikinmu abu ɗaya ne a hannunki: rahoton da bai fita daga ofis ba. Muddin yana cikin durowarki, wayarki za ta yi ta ƙara. Ranar da ya fita, ke za ki koma mai bugawa. Kada ki kai rahoto gidan kowa, kada ki kai shi wurin biki, kada ki kai shi inda za ki durƙusa. Mai aiki ya zo ofis, ya zauna a kujerar baƙi. Kujerar nan ba ta da daɗin zama, kuma da gangan na saye ta haka.

Na uku shi ne jira. Watanni ina aika magana ta bakin Inna, a nannaɗe cikin gaisuwa, har ita kanta ba ta gane cewa bashi nake bi. In na ce, "A gaida Alhaji, a ce masa injiniyan Kano yana ta kira," sai ta dawo mini da, "Ya ce yana amsawa." A cikin watannin ne aka haɗe bankuna. Bankin da ya ba su bashi ya shige cikin wani, manajan da ke zuwa ɗaurin auren gidan Baffanki aka sallame shi, fayil ɗin ya koma hannun waɗansu yara a Legas da ba su taɓa jin sunan Baffan naki, Alhaji Babba, ba, balle su ji nauyinsa. Suka kai kotu. Kotu ta ba da umarnin a rufe kamfanin a sayar da kayansa. An buga sanarwa a wani lungu na jaridar Turanci. Ni mai sayen jarida kullum, a gidan suna na ji labari, daga bakin mai yi wa mai jego kitso.

A tsakanin nan kuma babban janareton kamfanin da tireloli biyu suka bar Katagum. Ba wani sirri ba ne. Da rana tsaka suka ratsa Azare, har aka tsayar da masu acaɓa don su wuce. Janareton yanzu yana gidan ƙanƙarar Baffanki yana aiki, rabin garin nan da ruwansa suke buɗe baki da azumi. Kowa ya sani, ba wanda ya faɗa, domin ba wanda aka tambaya.

Shawarata a nan mai sauƙi ce, ni ce dai na kasa bi. Ki tura takardar neman biya ranar da kika gama aiki, ki sake turawa, ki ajiye kwafi. Kada ki aika ta bakin wanda yake son ku duka biyu, domin zai tausasa maganar har ta narke a hanya. Kuma ki karanta ƙananan sanarwoyin bayan jarida. Labarin siyasa na gaba ba zai taɓa cin kuɗinki ba, na bayan ne ke ci.

Kotu ta naɗa wani akanta ya karɓi kamfanin, ya sayar, ya raba wa masu bin bashi. Mutanen gari suna ce masa mai rabon gado, kuma sunan ya dace har ni ma na ɗauka. Tsarin ma kusan ɗaya ne da wanda kika sani. Idan mutum ya mutu, ana fara cire kuɗin likkafani da na kabari, sannan a zo kan bashi. Haka kamfani: aikin da mai rabon gado ya sa a yi bayan mutuwa, shi ake fara biya. Banki kuma yana riƙe da jinginarsa, ma'aikata da haraji suna da nasu matsayi. Can a ƙarshe sai sauran jama'a, su raba abin da ya rage, in ya rage.

Ya kira taron masu bin bashi a harabar kamfanin. Na sa leshi mai kyau, na ɗauki jakar ofis, na wuce manoman da ke zaune a kan buhuna na nufi teburinsa kai tsaye, domin a raina ni ba irinsu ba ce, ni ƙwararriya ce da ta zo karɓar ladan aiki. Wannan shi ne na huɗu. Mutum ne siriri, mai ladabi, Hausarsa ta koyo ce amma ba ta kuskure inda ya shafi kuɗi.

"Hajiya, wa ya sa ki aikin?"

"Kamfani."

"Akwai takarda?"

"Babu."

"Kafin umarnin kotu ko bayansa?"

"Kafin."

Ya nuna mini buhunan da biro. "To layinki yana can."

Na koma na zauna kusa da wata mata 'yar Katagum da ta shekara tana dafa wa ma'aikata abinci bashi. Ta matsa mini, ta dubi leshina daga sama har ƙasa.

"Hajiya, ke ma an ci naki? Na ɗauka ku masu digiri da cokali ake cin ku."

"Da hannu aka ci, Iya, kamar kowa."

"To sannu. Zauna sosai, buhun nan ba komai a ciki."

Daga inda nake zaune ina hango teburinsa. A kai akwai wani littafi mai shuɗin bango. Duk wanda ya tambayi nawa za a sayar da injin kaza, sai ya lashi yatsa ya buɗe shi ya karanto. Rahotona ne, da hatimina, banki ya miƙa masa. Ni ina kan buhu, aikina yana kan tebur. Raina ya ɓaci har na miƙe zan tafi, in bar musu kuɗin da kamfanin gaba ɗaya. Da na tafi ɗin, da yanzu ba na rubuta miki wannan, da kuma injiniyan Kano ya kai ni ƙara. Abin da ya tsayar da ni ba hikima ba ce, motata ce wani ya tare da tasa. Ina jiran a matsar, zuciyar ta sauka, na buga wa lauyata waya, wata 'yar ajinmu da ke Bauchi.

Ta ce, "Tsaya. Da rahotonki yake sa farashi?"

Na ce da shi.

"To ai bai ɗauko wani mai kimantawa ba ke nan. Ko ya karɓi naki a hukumance ya biya shi cikin kuɗin likkafani, ko ya ajiye shi ya biya wani sabo. Kada ki bar wurin."

Ki koyi wannan tun yanzu: girman kai ba ya cikin jerin waɗanda ake biya. Idan kamfani ya faɗi, ki je taro, ki cika takardar shaidar bashi a kan lokaci, ki zauna inda aka nuna miki, ki buɗe ido. Fushi kuma ki bar shi a mota.

Mai rabon gado bai yi gardama ba, domin nawa ya fi masa araha. Ya ce zai karɓi rahoton, in sake zagayawa in tabbatar masa da shi a matsayin aikinsa, ya biya ni a sahun gaba. Sharaɗinsa biyu: in yi rantsuwa a kotu cewa abin da na rubuta na gan shi da idona, kuma ba a biya ni ko kwabo ba. Sai ya buɗe shafin injuna ya ɗora yatsa.

"Wannan janareton, Hajiya, da tirelolin nan. Na zagaya ban gan su ba."

Na ce, "Ranar da na zo suna nan. Ga hotonsu a baya."

"Abin da nake so ki rantse a kai ke nan."

Kin ga inda aka zo. Ba zan karɓi hakkina ba sai na faɗi a gaban kotu abin da duk Azare ta sani ta yi shiru. Idan na faɗa, za a nemi Baffanki ya dawo da kayan, ko ya yi bayanin da ba shi da shi. Idan kayan suka dawo, manoman nan da matar buhu za su sami wani abu. Idan ba su dawo ba, banki zai kwashe komai su tashi da addu'a. Kada ki ɗauke ni waliyyiya. Kuɗina na je nema, da na injiniya, da hayar ofis, da kuɗin makarantar ƙannenki. Manoman fasinjoji ne da suka samu kansu a motata. Amma tunda sun shiga, ba zan sauke su a daji ba.

Labari bai kwana ba. Baffanki, wanda tun da na buɗe ofis bai taɓa taka matakalarsa ba, sai ga shi da kansa. Ya zauna a kujerar nan marar daɗi, ya yi ta gyara zama.

"Hajiya, injin buga takardar nan taki yana aiki?"

"Yana yi, Alhaji."

"To a sake buga littafin nan. Shafi biyu ne suka yi yawa. Kuskure ai kowa na yi."

Na ce hatimina yana kai.

"Hatimi." Ya yi murmushi. "Nawa ne ladan naki gaba ɗaya? In ba ki yau, a hannu, ki janye daga wurin yaron nan."

Na ce kuɗin kamfanin da ke hannun kotu ba a biyan mutum ɗaya da shi ta bayan gida.

"Kuɗina ne."

"To da wane suna zan rubuta rasitin, Alhaji?"

Ya juya carbi. Da ya sake magana muryarsa ta sauka, kuma a nan ne na ji tsoro.

"Yarinyar nan a gidana ta yi wayo. Ni na kai ta makaranta ranar farko. In Allah ya kawo miji, wa za a zo nema wurinsa? Ki yi tunani."

Sai na yi na biyar. Na ce, "To, Alhaji, zan yi tunani." Na raka shi har mota, na riƙe masa ƙofa. Kin san garin nan: "zan yi tunani" daga bakin ƙarami zuwa babba, amincewa ce da ke jiran a ba ta lokaci. Ya tafi yana ganin an gama. Ni kuwa washegari na hau mota zuwa Bauchi na yi rantsuwar. Da na ce masa a'a a ofis, da ya yi fushi, ya yi faɗa, ya kai ƙarata wurin dangi, amma da bai ce na yaudare shi ba. Yanzu yana faɗa, kuma a wannan ɗaya yana da gaskiya. Idan a'a ce amsarki, ki faɗe ta da wuri, da ladabi, tun tana ƙarama. Duk kwanan da ta yi a bakinki ƙara nauyi take.

Mako mai zuwa kotu za ta saurari maganar. Jiya Inna ta zo taya ki shirya kaya, kin gan ta. Da kika fita karɓo ɗinki, ta ce mini, tana ninke zanenki ba ta dube ni ba, "Alhaji ya ce kada ki wahalar da kanki kan guzurin yarinya. Ya tanadar mata abin da zai ishe ku ku biyu." Ta ƙara da cewa ya gayyato liman da dattawan unguwa biyu su yi miki addu'ar tafiya.

Lokacin da kika tafi jami'a ba a kira liman ba. Lokacin hidimar ƙasa, da za ki har ƙasar da ba ki san kowa ba, ba a kira shi ba. Ban sani ba ko Inna ta faɗa mini ne don ta ja kunnena, ko don murna. Na daɗe da sanin ta, ina zaton ita ma ba ta yanke ba.

Ga yadda abin zai kasance. Guzuri ba a mayar da shi, kowa ya san wannan, shi ya sa ya zaɓe shi. Zai miƙo miki a gaban shaidu uku da ba wanda zai ƙaryata. Wataƙila ya ce, kamar wasa, "Ki rage wa Addarki nata." Ke kuma ki yi godiya, ki sa a jaka, ki hau mota. Ranar zaman kotu lauyansa zai miƙe ya ce an biya Hajiya, ta hannun 'yarta, ga waɗanda suka gani. Ni kuma na rantse ba a ba ni ko kwabo ba. Ba sai sun tabbatar da komai ba, ya isa su sa alƙali ya yi shakka. Wadda aka yi shakkar rantsuwarta a kan kuɗi, wa zai yarda da rantsuwarta a kan janareto? Rahoton ya mutu, hukumar da ta ba ni hatimi za ta kira ni, ke kuma ki fara aiki a ofishin da kowa ya san 'yar wace ce ke. Ko na mayar da kuɗin daga baya, an riga an ga shigarsu gidan nan.

Na san abin da nake nema a wurinki. Ba na ce ki daina son sa ba, kuma ba zan ɓata shi a idonki fiye da yadda lamarin ya ɓata shi ba. Lokacin da ƙyanda ta kama ki, shi ya kwana da ke a asibiti, ni ina tsaye a baranda ina leƙe ta taga, wai kada a ce na damu da 'yar fari. Shi ya saya miki keke. Shi ya yi kuka ranar da sakamakonki ya fito, ni na ce "to, madalla" na shiga kicin. Mutumin da ya yi wannan shi ne ya ɗauke janareton, kuma shi ne zai miƙo miki ambulan gobe. Duka shi ne. Ina zaton ma a ransa yana ganin taimakona yake yi.

Wannan barandar ita ce kuskuren da ya haifi sauran. An ce mini kunya ce, na karɓa, domin ta fi sauƙi. Na bar ki a hannunsu, na bar magana a bakina, har ga shi yau ina bukatar ki tsaya mini a falon da ni na kasa tsayawa, kuma ba ni da wani abin da na ajiye a wurinki da zan ce ki tuna. Idan Allah ya ba ki 'ya, ki shiga ɗakin.

To ga abin da za ki yi, in kin yarda. Ki je da wuri, ki gaishe su yadda kika saba. Ki bari liman ya gama addu'a, ki shafa. In ya miƙo, ki durƙusa ki karɓa da hannu biyu, kada ki bar hannunsa a miƙe a gaban mutane. Sannan ki buɗe ambulan ɗin a nan inda kike. Na san rashin tarbiyya ne, za a ce nawa ne, a bar mini. Ki zaro takarda ɗaya tak, ki ɗaga ta yadda liman zai gani, ki ce, "Baffa, na ɗauki albarka, wannan ya ishe ni mota." Sauran ki ajiye a kan darduma kusa da ƙafarsa. Idan ya ce ki kawo mini, ki ce, "Adda ta ce nata yana wurin kotu." Kada ki ƙara ko kalma, kada ki yi bayani, bayani ƙofa ce. Zai yi shiru, ko ya yi dariya, ko ya ce abin da zai yi miki zafi har Kaduna. Ki yi haƙuri ki tashi.

Inna za ta biyo ki zaure da kwanon dambun nama. Ki karɓa, dambunta ya fi nawa. Amma ki buɗe murfin kafin ki taka waje, ki duba har ƙasa. Ki duba jakarki ma, da aljihun hijabinki. Na san matar nan shekara da shekaru, hannunta ya fi bakinta sauri.

Maganar aure da ya yi, ban san ko zai cika ba. Idan ya cika, kina da kawunai, kuma ni zan je in durƙusa masa sau nawa ya so, bayan an tashi daga kotu.

Ba zan tambaye ki idan kin dawo ba. Zan kasance a tsakar gida ina ɗaure miki kwalin yaji da garin kuka. In kin shigo, ki ajiye takardar kuɗin nan ɗaya a kan kwalin, zan gane. In ba ki ajiye komai ba, shi ma zan gane, kuma zan raka ki tasha duk da haka.

Allah ya tsare ki a hanya da masauki. Ya raba ki da sharrin ƙarfe da na mutum, ya ba ki abokan aiki na gari da masu aiki masu biya. Ya sa hatiminki, ranar da kika same shi, kada ya taɓa sauka a kan abin da idonki bai gani ba. Ya shirya tsakaninmu da Baffanki, ya jiƙan mahaifinki.

Allah ya yi miki albarka, Saudatu.

Ga shi na rubuta. Kada ki sa ran ji a baki gobe, abin a hankali ake koyo.

Wassalam,
Mahaifiyarki.